Ja a Wurin Ja

Ni mai ɗinkin hula ce. Na fi shekara talatin ina wannan sana'a a gidanmu na Bolori, kuma zarena bai taɓa kwana a hargitse ba. Ina da wani faffaɗan gwangwanin biskit, a ciki nake jera shi daga hagu zuwa dama: fari, ruwan ɗorawa, ja, ruwan ƙasa, kore, shuɗi, baƙi. Haka na ga mahaifiyata tana jera komai na ɗakinta, haka ni ma na tashi. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na san in za a yi magana a faro ta daga farko. Saboda haka zan faɗi abin da ya shiga tsakanina da ɗana yadda ya zo, bi da bi. Ba zan kama sunansa ba. Ɗan fari ne, ban taɓa kamawa ba.

Yana da shekara shida mahaifinsa ya rasu, ya bar ni da shi da ƙanwarsa. Tun daga lokacin shi ke zama kusa da ni in ina ɗinki. In na ce ya miƙo mini ja, sai ya buɗe gwangwani ya miƙo ja. In na ce kore, kore. Bai taɓa kuskure ba. Shi ya sa da ya kai shekara goma na ba shi hula guda ya gwada hannunsa. Mai zane ya riga ya zana mata fure da ganye, na nuna masa inda ja zai shiga da inda kore zai shiga, na yanko masa zaren na zube a kan tabarma, na tafi girki. Hannunsa yana da kyau, ɗinkin ya kwanta sumul. Amma da na dawo sai na tarar da rabin furen kore ne, ganye biyu kuma jajaye.

Na ce, "Kai, mene ne wannan?"

Ya ce, "Iya, ja na sa a wurin ja."

Na dake shi. Ba don hular ba, don maganar. Ga abu a gaban idona yana ce mini ba haka ba ne. A ganina yaron da zai kalli uwarsa ya musa abin da ke fili, gobe babu abin da ba zai musa ba.

Bayan wannan abubuwa suka yi ta biyo baya. In na aike shi sayen tumatir sai ya daɗe, ya dawo da ɗanye a ciki. Mai tumatir ta ce mini yakan tsaya yana latsa su ɗaya bayan ɗaya kamar tsohuwa. A makaranta aka ce su zana tutar ƙasa, ya shafa mata ruwan ƙasa, malaminsu ya zane shi, ya dawo gida na ƙara masa. Sannu a hankali ya zama yaro mai nawa. Ba ya fara ɗaukar abu sai wani ya ɗauka. In an kawo yadin Sallah sai ya ce wa ƙanwarsa, "Wanne kike ganin ya fi?" In aka tambaye shi abu sai ya yi shiru yana kallon fuskar mai tambaya. Ni kuwa na ba wa wannan hali sunaye uku: lalaci, taurin kai, da ƙarya. Da waɗannan sunaye na rene shi.

Da ya gama firamare, a farkon shekarun tamanin, na kai shi koyon aikin wayarin wurin wani mutum a unguwar Moduganari. A lokacin ana ta ja wa gidaje wutar lantarki, masu wannan aiki ba sa zama. A nan na fara ganin yaron nan yana sauri. Kafin in gama dama koko ya wanke fuska ya rataya jakarsa. Ya gyara mini rediyo, ya gyara wa maƙwabta fanka. Ubangidansa ya ce kansa yana ja. Fiye da shekara guda ban ji wani ƙorafi ba, har na fara cewa a raina duka ya yi amfani.

Wata Litinin bayan la'asar na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ubangidan ya shigo ba cikakkiyar sallama, yana riƙe da wuyan rigar yaron.

"Iya, ga ɗanki. Yau ya kusa kashe matar mutane."

Na ajiye allura. Na ce ya sake shi ya yi mini bayani daga farko.

Ya ce wani malamin makaranta, mutumin kudancin Borno da ke zaune a Moduganari, ya sayi firji. Aka kira su su haɗa masa. Shi aiki ya yi masa yawa, sai ya tura yaron shi kaɗai. Wayar firjin uku ce a ciki. Ja ita ke ɗauke da wuta, baƙa ita ke mayar da ita, koriya kuma ita ake ɗaura wa jikin ƙarfen don kada ya ja mutum. Yaron ya sauya ja da koriya. Matar malamin ta fito daga wanke-wanke da jiƙaƙƙen hannu ta kama murfin, wuta ta ja ta, ta maka ta da bango. Tafin hannunta ya ƙone. Da ba don mijin yana kusa ya kashe wutar ba, da yanzu wata magana ake.

"Kuma na san dalili," in ji ubangidan. "Shekaranjiya na mare shi a kan ya ɓatar mini da filaya. Shi ne ya ce bari ya ɓata mini suna. Ko jaki ya yi shekara a shagona ya san ja da kore."

Na juya ga yaron. Na ce, "Kai, ka ji. Me ka ce?"

Ya ce, "Ja na sa a wurin ja."

Ban san lokacin da hannuna ya sauka a kuncinsa ba. Ya fi ni tsawo a lokacin, amma bai kauce ba.

Washegari na je duba matar. Na same ta a zaune, an naɗe mata hannu har gwiwa. Ta amsa gaisuwata, ta sa aka kawo mini ruwa, amma ba ta kalle ni ba. Mijin mutum ne mai magana a hankali, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Mama, ban kai maganar wurin 'yan sanda ba saboda Bulama, mai unguwarmu, ya roƙe ni in jira. Ranar Alhamis za mu zauna a ƙofar gidansa. In kuskure ne, ina so in ji yadda aka yi shi. In da gangan ne, daga can sai ofishin 'yan sanda. Ba zan ɓoye miki ba."

Na ce ya yi daidai. Da na dawo gida na aika wa baffan yaron a Konduga cewa ko an kulle shi ko ba a kulle shi ba, ya zo ya ɗauki ɗansu, ni na gaji. Na faɗa wa yaron haka a gaban ƙanwarsa. Ya je ya zauna a bakin zaure, tuwon da aka zuba masa ya huce a kwano.

Ranar Laraba da hantsi ina ɗinki a tsakar gida, akuyar maƙwabta ta shigo, ƙanwarsa ta kore ta, akuyar ta bi ta kan tabarma ta ture gwangwanin. Zare ya watse ko'ina. Ina riƙe da hula, allura a bakina, sai na faɗi abin da bakina ya saba faɗa: "Kai, miƙo mini ja."

Ya taso ya durƙusa. Ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a sama. Na ga leɓɓansa suna motsi kamar mai ƙirga. Ya dubi gwangwanin, babu komai a ciki. Ya ɗaga ido ya nemi ƙanwarsa, ita kuwa tana can tana bin akuya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na sha ganin fuskar yaro mai taurin kai, na haifa, na rena, na ga na maƙwabta. Wannan ba ita ba ce. Tsoro ne. Daga ƙarshe ya ɗauko kore ya miƙo mini da hannu biyu.

Na cire allurar daga bakina. Na ce wa ƙanwarsa ta je gidan maƙwabta ta zauna sai na kira ta. Sannan na ɗauki ja, da kore, da ruwan ƙasa, na juya su a bayana, na ajiye a gabansa.

"Wanne ne ja?"

Ya yi ta duban zaren.

"Ba zan dake ka ba. Wanne ne?"

Ya ce, "Iya, duk ukun kusan ɗaya ne. Wannan dai ya ɗan fi duhu."

"To a gwangwani yaya kake ganewa?"

"Na uku daga hagu ja ne. Na biyar kore."

"Wayar fa?"

Ya ce wayoyin da suka saba aiki da su yana gane su, don koriyar ta fi sirantaka, wani lokaci ma ba ta da riga. In ya yi shakka sai ya jira ya ga wadda maigidansa zai fara kamawa. Amma na firjin nan kaurinsu ɗaya, ɗakin kuma ba haske sosai. Ya duba, ya duba, ya zaɓi wadda ta fi kama da abin da ake ce wa ja.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun yaushe me, Iya? Ni na ɗauka kowa haka yake gani, ku dai kun fi ni haddace sunayen."

Na tashi na yafa mayafi. Ƙafafuna ba su kai ni ko'ina ba sai gidan Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a manyanmu. Tsohuwa ce mai kaifin baki, rabin maganarta Barbarci ne. Na same ta tana ɓare gyaɗa. Na ba ta labari tun daga hular har zuwa zaren da na ajiye a gabansa. Ina tsammanin za ta ce aljanu ne ko sammu. Sai ta yi dariya har tana tari.

"Ke da kike ganin kin fi kowa lura. Ai ubanki haka yake."

Na ce, "Baba?"

"Wane uban kike da shi in ba shi ba? Ranar da aka aike shi sayen jan zane na bikin yayarmu, abin da ya kawo sai da aka ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Kin taɓa ganin ya zaɓi rigar da zai sa? Uwarki ke jera masa a akwati, ta Juma'a a sama, ta kasuwa a ƙasa, hula kowace a kan rigarta. In wani ya taɓa jerin nan sai ta kusa cinye shi ɗanye. Kina tsammanin son tsabta ne kawai?"

Na tuna akwatin. Na tuna dukan da na sha ranar da na sauya wa huluna biyu wuri.

"Me ya sa ba a faɗa mana ba?"

"A faɗa a ce me? A ce maigida bai san ja ba, yara su mayar da shi abin wasa a kasuwa? Ta rufa masa asiri har ya koma ga Allah. Ke kuma kika ɗauko jerin, ba ki tambayi dalilinsa ba."

Na ce, "Amma ni ina gani sarai, Goggo."

"Ke mace ce. A gidanmu mata ba sa yi, sai dai su haifa. Kawunmu ma, ƙanin innarmu, haka ya rayu. Sha ruwa, fuskarki ta yi wani iri."

Ban sha ba. A hanyar dawowa na yi ta ƙirga dukan da na yi masa, na kasa kai ƙarshe.

Na same shi ya tattara zaren ya zuba a gwangwani, bai jera ba. Na zauna na faɗa masa abin da Goggo ta ce. Na ce gobe zan tafi da gwangwanin nan gaban Bulama, kowa ya gani da idonsa cewa ba da gangan ya yi ba. Na ɗauka zai yi murna. Sai ya durƙusa ya kama bakin zanena, abin da bai yi ba tun yana ƙarami.

"Iya, don Allah kada ki faɗa."

"Kana so a kulle ka?"

"Su kulle ni. Kwana nawa ne? Gara a ce ganganci na yi. Mai ganganci ana cewa zai gyaru, wani zai ɗauke ni aiki. In aka ce ba na gani, wa zai sake ba ni waya in riƙe a garin nan? Zan riƙa gwadawa da tasta, abin gwada wuta, kafin in ɗaura. Wallahi zan riƙa gwadawa."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Aikin nan shi ne abu ɗaya da ya iya wanda ba a taɓa dukansa a kai ba sai a 'yan kwanakin nan. Na san haka. Amma na ga hannun matar nan. Na ce masa, "Ranar da ka manta tastar fa? Ranar da kake sauri fa?" Na ce ya saki zanena.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka taru a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Bulama. Malamin makarantar yana gefe guda riƙe da guntun wayar da ya yanke, ubangidan yaron a ɗaya gefen, ga dattawan unguwa, ga 'yan kallo a tsaye. Ubangidan ya yi bayaninsa, ya maimaita maganar mari. Bulama ya tambayi yaron ko da gangan ya yi. Ya ce a'a. Ya tambaye shi to yaya aka yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ganganci ne, ranka ya daɗe."

Malamin ya girgiza kai. "Shekara guda yana aikin nan. Ganganci ba ya sauya waya biyu a ɗaure su tam. Ban yarda ba."

Na ga Bulama ya fara duban wanda zai aika ofishin 'yan sanda. Sai na matso na ajiye gwangwanin a kan tabarma.

Ubangidan ya ce, "Iya, shari'a ake, ba ɗinkin hula ba." Wasu suka yi dariya.

Na ce, "Bulama, a ba ni dama. Abu uku zan faɗa. Na ɗaya, yaron nan ba ya bambance ja da kore, tun haihuwarsa. Na biyu, mahaifina ma haka yake, ta wurina ya samo. Na uku, ni ban sani ba sai jiya."

Na zube zaren. Na ce Bulama ya sa shi ya ware jajaye gefe guda. Yaron ya kalle ni. Ba zan manta wannan kallon ba. Sannan ya sa hannu ya fara warewa. Ya haɗa ja biyu da kore ɗaya da ruwan ƙasa, ya bar wani jan a cikin koraye. Wani daga baya ya ce, "Makahon rana," aka yi dariya, Bulama ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Ubangidan ya ce, "Wannan ai shiri ne. Ni ma in za a kai ni caji ofis sai in ce ban san fari da baƙi ba."

Malamin bai kula shi ba. Ya taso ya tsuguna gaban yaron, ya nuna masa shuɗi, ya faɗa daidai. Ya nuna ruwan ɗorawa, ya faɗa daidai, ba jinkiri. Ya ɗaga ganyen darbejiya ɗanye da busasshe ya ce wanne ya fi kama da zaren nan, yaron ya tsaya yana dubawa. Malamin ya koma ya zauna.

"Na karanta wannan a kwalejin horon malamai," in ji shi. "Ban taɓa tunanin zan gamu da shi a ɗakin girkina ba. A cikin ido yake, da shi ake haihuwar mutum. Ba hauka ba ne, ba rashin hankali ba ne, kuma ba shi da magani. Yawanci maza yake kamawa, ta wurin uwa yake biyowa, kamar yadda Mama ta ce. Mai ƙarya da ya ɓata duka launukan, shi kuwa inda ya kamata ya ɓata nan ya ɓata. A asibitin ido akwai wani littafi mai ɗige-ɗige da ake gwadawa. Ni zan kai shi da kaina." Sai ya juya ga ubangidan. "Kai kuma ka tura ɗan koyo shi kaɗai, ba ka zo ka duba ba. Wannan ba ciwon ido ba ne."

Bulama ya yanke cewa a je asibiti. In likita ya tabbatar, babu maganar 'yan sanda, amma yaron ba zai sake taɓa wayar kowa a unguwar ba. Aka je, aka buɗe masa littafin, ana ganin lamba a cikin ɗige-ɗigen shi ba ya gani. Likita ya tabbatar.

Na aika Konduga na ce wa baffansa kada ya zo. Yaron ya mayar wa ubangidansa jaka da tasta da sukundireba, ya dawo hannu sake. Wajen wata biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar safe. Yara a layi suna ɗaga masa tsumma suna cewa, "Wane launi ne?" Ba ya tanka musu. Ni ma ban iya ce masa komai ba. Uwa ba ta saba ba ɗan fari haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Malamin makarantar ne ya samo masa wuri a shagon wani kafinta ɗan cocinsu. Safiyar da zai fara zuwa, ya sha kokonsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai fita ba.

"Iya, in tambaye ki?"

Na ce ya tambaya.

"Da kin sani tun ina yaro, da kin dake ni a kan hular nan?"

Na ce, "A'a."

"Da za a sake zaman Bulama, za ki sake faɗa?"

Na ce, "Zan faɗa."

Ya gyaɗa kai, ya ce wannan dama ya sani. Amsar farko ce na ga ta tsaya masa a wuya. Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ya yi sauri kada ya makara ranar farko. Ya ce to, ya sa takalmansa ya fita.